Adon Ɗakin Malami: Tsakanin Tabarma da Kushin

Tun da aka shiga zangon ƙarshe, hirar 'yan aji uku ba ta wuce abu biyu: inda za a tura mutum koyarwa, da irin ɗakin da zai shirya in ya fara kama albashi. Ta biyun ce na ke so in sa baki a ciki, in Edita ya ba ni fili. Gama na lura duk sa'ad da aka zo maganar ɗaki, sai wani ya zaro waya ya nuna hoton ɗakin mutanen arewacin Turai, watau Danmak da Suwidin da Norwe, waɗanda a ke kira ƙasashen Sikandinebiya. Bango fari fat, daɓen katako, kujera mai siraran ƙafafu an yafa mata buzun tunkiya, kyandir uku ko huɗu suna ci, ga wani tsohon akwati na kakan kaka a gefe, kusa da fitila sabuwa ful. Sai ka ji ana cewa, "Kai, wannan shi ne ɗaki!"

Ni ma na yarda ɗakin yana da kyau. Amma a ganina wanda ya kwaikwayi hoton nan a Yola ko Jimeta zai ɓad da kuɗinsa, ya kuma sayo wa kansa wahala. Wanda ya tsaya ya bincika abin da ya sa masu ɗakin suka shirya shi haka, shi ne zai sami abin ɗauka.

Mu fara da yanayin ƙasa, tun da ya ke dukanmu mun yi labarin ƙasa a aji. A birnin Istokholm, cikin watan Disamba, rana ba ta wuce awa shida ko makamancin haka a sama, sauran duk duhu ne da sanyi mai daskarar da ruwa. Mutumin can yana shafa wa bango farin fenti don ɗan hasken da ya shigo ta taga ya bazu cikin ɗaki. Yana shimfiɗa ulu da fata don ƙafarsa kada ta sandare. Yana kunna kyandir don dare ya yi masa tsawo. Mutanen Danmak suna da wata kalma, hygge, a kan faɗe ta kamar "huga". Ma'anarta zaman jin daɗi a ɗaki mai ɗumi, tare da naka, hankali kwance, alhali waje ana zuba ƙanƙara. Duk abin da ka gani cikin hoton nan maganin sanyi ne da duhu.

To, mu fa? Rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. Cikin Maris da Afrilu zafin Yola ya kan haura digiri 40, har kujerar ƙarfe ta gagari zama. Da hunturu ƙura ta kan shiga ko da an rufe ƙofa da taga. Da damina ga sauro daga fadamun Binuwai da Njuwa, ga laima, ga gara tana jiran katako. Wata shekara kuma kogin da kansa ya kan shigo gari: waɗanda ke zaune a unguwannin bakin ruwa ba su manta da 2012 da 2022 ba, sa'ad da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Saboda haka zaman jin daɗi a wurinmu inuwa ce, da iska mai ratsa ɗaki, da ƙasa mai sanyi a tafin ƙafa, da ruwan randa. Wanda ya shimfiɗa kafet mai gashi daga bango zuwa bango a ɗakin kwano, ya jibga kushin na soso, ya rufe taga da labule mai kauri, ya gina wa kansa tanda ke nan, ya kuma biya kuɗin ginin. Abincin wani gubar wani.

Mu da muka yi makarantar mishan a wajen Numan, mutanen Danmak ba baƙinmu ba ne. Likita Niels Bronnum ya sauka Numan a 1913, waɗansu kuma suka biyo bayansa shekara da shekaru. Tsofaffin gidajen mishan da na gani da idona ba su yi kama da hoton cikin waya ba ko kaɗan. Bango mai kauri, rufi mai tsawo, baranda mai faɗi ta tare rana, tagogi suna duban juna don iska ta wuce. Watau su masu abin, da suka zo ƙasarmu, sai suka bi ƙasar. Mu ne 'yan ƙasa mu ke so mu saɓa mata.

Yanzu bari mu duba yadda salon nan ya samo asali, gama nan ne darasin ya ke. A 1888 aka ba wani mai zane na Suwidin, Carl Larsson, da matarsa Karin, wani ɗan ƙaramin gida a ƙauyen Sundborn. A zamanin nan masu hali na birni suna cika ɗakunansu da manyan kujeru baƙaƙe masu nauyi, da labule ninki biyu, don a san suna da shi. Su kuwa suka tattara tsofaffin kujeru da kabad irin na manoma, suka shafa musu fenti mai haske. Karin ta zauna ta saƙa shimfiɗu da labule da hannunta, in tana bukatar kujera ko kanta sai ta zana, kafintan ƙauye ya yi mata. Mijin ya zana hotunan ɗakunan, aka buga su littafi a 1899, mutane suka gani suka ce ashe ɗaki na iya yin kyau ba tare da dukiya ba. A 1919 wani masani, Gregor Paulsson, ya rubuta ɗan littafi yana kira ga masu masana'antu su kyautata kayan yau da kullum, kofi da kwano da kujera, yadda talaka ma zai ci abinci a abu mai kyan gani. A Kofanhagan, wani malamin sassaƙa, Kaare Klint, ya riƙa sa almajiransa su auna jikin mutum, su auna riga da faranti, kafin su zana kujera ko kabad. A 1933 Alvar Aalto na Finlan ya fito da 'yar kujerarsa mai ƙafa uku, marar jingina, wadda a kan ɗora ɗaya bisa ɗaya in ana son fili. A 1949 Hans Wegner na Danmak ya zana wata kujera da har yau a ke yinta, mazauninta kuwa saƙar hannu ce da igiyar takarda, kusan mita 120 a kowace kujera. Daga 1954 zuwa 1957 aka yi yawo da irin kayan nan ana nuni a biranen Amurka da Kanada, daga nan sunansu ya cika duniya.

Ku duba fa, jama'a. Itacen dajinsu ne, saƙar ƙauyensu ce, har dardumar da su ke shimfiɗawa a ƙasa, da yawa daga tsummokaran tsofaffin tufafi a ke saƙa ta. Sabon abu ya zauna lafiya kusa da tsoho a ɗakinsu domin sabon daga tsohon ya fito.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu koyon aikin malanta. Hannun mutanen nan bai iya aiki don sa'a ba, makaranta ce ta koya masa. Tun 1866 dokar makarantun Finlan ta sa aikin hannu cikin darussan yara, bisa ga shawarar Uno Cygnaeus. Cikin shekarun 1870 Otto Salomon ya buɗe makarantar horad da malaman aikin hannu a Naas, kusa da Gotenbog a Suwidin, malamai suka riƙa zuwa daga ƙasashe dabam dabam. Har yanzu yaron Suwidin, mace ko namiji, sai ya yi darasin sassaƙa da ɗinki. Yaron da ya taɓa feƙe cokali da hannunsa, in ya girma ba a sayar masa da kujera mai rawa.

Mu ma ba matsiyata ba ne wajen aikin hannu. Ƙasar Adamawa ta yi suna ƙwarai wajen zanen ƙwarya. Matan Fulani, da na Bata, da Yungur, da Ga'anda, kowa da irin zanensa, waɗansu da wuƙa mai zafi su ke ƙona zanen, waɗansu su kan karce bayan ƙwaryar su shafa baƙi ya shiga cikin layin. Wani Bature, T. J. H. Chappel, ya bi ƙauyukanmu yana tattara ƙorai yana tambayar masu zanen, aka buga littafinsa a 1977. A 1986 kuma Marla Berns da Barbara Hudson suka fito da nasu a Amurka, duk a kan ƙoran arewa maso gabashin Nijeriya. Abin da Bafulatana ke kira tummude, ta zuba nono a ciki ta ɗauko zuwa kasuwar Yola, irinsa yana cikin gilashi a gidajen ajiye kayan tarihi na Turai. Mu kuwa mun sauke shi mun ɗauki roba. In ka bi ƙauyukan gefen Njuwa, wajen Rugange, ka shiga gidan da tsohuwa ke ciki, ka duba tabarmar kaba, da asabarin bakin ƙofa, da faifai, da kujera 'yar tsugunno wadda aka sassaƙa daga gungume guda ba ƙusa ba gam. In da a ce hoton kujerar nan ya zo mana daga Kofanhagan da sunan wani Bature a ƙarƙashi, da mun yi layi muna tambayar kuɗinta.

Haɗa tsoho da sabo kuwa, iyayenmu mata sun riga Turawan nan gwadawa a gabanmu. Ku tuna da jeren ɗakin amarya. Da can ƙorai ne da faifai a rataye a ragaya. Da jiragen kamfanonin Turawa suka riƙa hawo Binuwai da damina suna sauke kaya a Jimeta, sai tasoshi da kwanonin langa masu furanni suka shigo, aka jera su tare da ƙoran. Daga baya kabad mai gilashi ya zo, da tangaran, da kuloli. Ba wanda ya koya musu, kowane zamani suka ɗauki nasa suka ba shi wuri. Na ji waɗansu samari a nan suna yi wa jere dariya, wai tarkace ne, wai ɗakin zamani fili a ke so. Ban bi su ba. Jere dukiyar mace ce ta kanta, gudummawar dangi ce da ƙawaye, in rana ta ɓaci daga ciki a ke cire kwalla a sayar a sayi magani. Wanda zai ce wa amaryarsa ta kwashe jerenta don ɗaki ya yi kama da hoto, sai ya fara nuna mata inda ya ajiye mata wani asusun. Abin da na ke ƙi shi ne gasa, inda uba zai sayar da gona don gadon 'yarsa ya fi na 'yar maƙwabci tsawo.

Gasar nan ta kama malamai ma. Sa'ad da muka je koyon koyarwa na ziyarci wani malami da ya riga mu fita da shekara biyu. Ɗaki ɗaya ne da ɗan falo. Ya sa kushin saiti guda, mai zaman mutum uku, da mai biyu, da mai ɗaya ɗaya, har sai ka karkace kafin ka wuce. Ga wani kabad na talabijin irin na dusar katako da a ke matsewa da gam, ƙafarsa ta riga ta kumbura don laimar damina ɗaya. Littattafansa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, takardun yara kuwa bisa gwiwa ya ke duba su, don ba wurin tebur. Da zafi ya ishe mu sai ya ɗauko tabarma muka fita gindin bishiya, muka bar kushin suna gadin ɗaki. A can ya gaya mini har yanzu bai gama biyan kuɗinsu ba. Mafi ƙanƙantar albashi da doka ta yanka a 2024 naira 70,000 ne a wata, sabon malami kuwa ba ya yi masa nisa. Kowa ya je wurin masu kujeru a Jimeta ya tambayi kuɗin saiti, ya raba da abin da zai rage masa bayan abinci da haya da kuɗin mota, ya ga wata nawa zai yi yana yi wa kujera bauta. Ga shi kuma malami ba shi da tabbacin zama. Takarda guda za ta zo a ce an mai da kai Mayo Belwa ko Song, sai ka nemi motar da za ta ɗauki kayan, da ƙofar da za su shiga.

To, in an tambaye ni yadda za a yi, ga shawarata. Kafin ka sayi ko da ƙusa, auna ɗakin, ka zana shi a takarda kamar yadda mu ke koya wa yara taswirar aji, ka nuna ƙofa da taga da inda rana ke bugawa da yamma. Kada wani kaya ya tare hanyar iska. Sa'an nan ka tambayi kanka me ka ke yi a ɗakin: barci, karatu, duban takardu, karɓar baƙo. Abin da bai yi ɗaya daga cikin ayyukan nan ba, bari shi a kasuwa tukuna.

Daga kayan zamani, huɗu ne ba na jayayya a kansu. Gidan sauro, ko kusa da ruwa ka ke ko nesa. Fitila mai cin hasken rana, gama kyandir a ɗakin da ke da labule da takardu neman gobara ne, ga ƙarin zafi. Tebur mai ƙarfi da kujerarsa, wanda tsawonsa ya dace da kai. Da kantar littattafai. A kan tebur da kanta ne ya kamata kuɗin ya tafi. Je wurin kafinta da awonka a rubuce, ka ce katakon gaske ka ke so, irin su maɗaci, busasshe, kada ya yi maka ado, ya dai haɗa shi da kyau. Ka sa ƙafafun su ɗaga daga ƙasa, don tsintsiya ta shiga, ka kuma ga gara tun tana fara gini. In ruwa ya shigo gida, katakon gaske a kan shanya shi ya koma aiki, na dusa kuwa sai juji.

Sauran ɗakin na tsofaffin kaya ne. Tabarma a ƙasa, wadda za ka naɗe ka kakkaɓe a waje kowace safiya, abin da kafet ba ya yarda a yi masa. Asabari a ƙofa da taga, yana tare ido da rana, iska kuwa tana wucewa. In ɗakin kwano ne ba silin, a ɗaura tabarmi ko zana a ƙarƙashin rufin, zafin da ke saukowa zai ragu. Randa a kusurwa mai inuwa, bisa yashi mai laima. Mun san dalilinta a darasin kimiyya: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, busarwar nan ita ke janye zafi daga na ciki, ba ruwanta da ɗauke wuta. Gwado ko luru na saƙar hannu a kan gado, ya ishe ka sanyin Disamba. Akwatin ƙarfen da ka zo da shi makaranta, a shafa masa fenti, a yafa masa zane, ya zama mazaunin baƙo. A bango kuma ƙwarya biyu ko uku masu kyan zane, da faifai, ba ashirin ba. Nan kam na yarda mu yi koyi da mutanen arewan can: su kan bar wa abu mai kyau fili a kewayensa don ido ya same shi. In akwai abin da kakarka ta yi da hannunta, shi ya fi cancanta da wurin. Farar ƙasa kuwa a waje ta fi amfani, inda za ta mai da zafin rana. A ciki, wanda ya shafa fari fat zai sha aiki da ƙurar hunturu da hannun yara.

Kada a ce na ɓoye aibin kayan gargajiya. Tabarma da zana su kan ɓoye kuɗin cizo da kunama, saboda haka sai a riƙa fid da su rana. Randa marar murfi gidan sauro ce, wadda kowa ke tsoma kofinsa a ciki kuma hanyar cuta ce. A rufe ta da faifai, a ajiye moɗa guda mai mariƙi, a wanke ta a kai a kai. Malamin da ke koyar da tsabta da safe, ɗakinsa ne yara za su leƙa da yamma su ga ko gaskiya ya faɗa.

Na san abin da waɗansu za su ce: "Mun sha wahalar karatu shekara uku, sa'an nan surukai su zo su same mu bisa tabarma, a ce boko bai yi rana ba?" Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Mutunci abu ne, a ƙauye kuwa ana auna malami da ido kafin a auna shi da kunne. Amma ku lura, a zauren manyan ƙasar nan har yau bisa shimfiɗa a ke zama, ba wanda ya ce talauci ne. Baƙo mai hankali abin da ya ke gani shi ne shara, da ruwa mai sanyi, da fuskar mai gida. In kana son kujerar girmama baƙo, sayi biyu masu kyau na katako da za su yi shekara ashirin, in hali ya samu ka ƙara. Kuma akwai wani abu. Yaran da za mu koyar, da yawa iyayensu ne masu saƙar tabarma da ginin tukwane. In yaro ya ga aikin uwarsa a rataye a ɗakin malam, kusa da taswirar duniya, zai koma gida da wani ido dabam. In kuwa ya ga malam ya kore duk abin da ya yi kama da gidansu, shi ma ya koyi darasi, ba kuwa mai kyau ba.

Saboda haka ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu na aikin hannu su ba 'yan aji uku ɗaki guda wanda ba a amfani da shi, mu shirya shi kamar ɗakin sabon malami, maza da mata tare. A rubuta kuɗin kowane abu da inda aka samo shi, a manna a ƙofa, don mai fita ya kwafa. A gayyato tsohuwa mai zanen ƙwarya da mai saƙar tabarma daga ƙauyukan Njuwa su koya mana, ko da sau ɗaya a mako, a kuma biya su kamar yadda a ke biyan kowane malami, gama masu sana'ar suna tsufa, 'yan matan da ke zama kusa da su don koyo kuwa sun yi kaɗan. Ni na ɗauki nauyin zana kantar littattafai, mai hawa huɗu, wadda za a iya kwance ta a ɗaure bayan babur. Wanda ya san kafinta mai busasshen katako, ya same ni bayan cin abincin rana ranar Asabar.